Zuwa Aikin Bishara a Nijar: Tambayoyin da Sababbin 'Yan Mishan Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa daga bakin masu bishara da iyalansu waɗanda ikilisiyoyin Najeriya ke aikawa Jamhuriyar Nijar, musamman jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso. Amsoshin sun fi shafar shekarar farko. Mai zuwa Benin, Burkina Faso ko Mali ma zai ƙaru da yawancinsu, tun da kuɗinsu ɗaya ne, tsarin ofisoshinsu kuma duk gadon Faransa ne.

1. Hausa nake ji, can ma Hausa ake yi. Da gaske ƙasar waje za ni?

Ƙasar waje ce, kuma kusancin nan shi ne babban tarkon. Wanda aka aika Gambiya ko Senegal tun daga tasha ya san shi baƙo ne, don haka sai ya yi tambaya kafin ya motsa. Wanda ya tashi daga Katsina ya sauka Maraɗi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 100 ba, zai ji gaisuwar da ya saba, ya sha furar da ya saba, sai ya saki jiki. Alhali gwamnati daban ce, doka daban, kuɗi daban, makaranta daban. Matsayin Kirista ma daban ne: a ƙidayar ƙasar Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a garuruwa da yawa kuma babu wata unguwar Sabon Gari da za ka fake a cikinta. Da ka buɗe baki an san ɗan Najeriya ne, abin da ka yi kuma a kan Kiristocin garin za a lissafa shi, ko bayan ka tafi.

Ka kuma sani ba kai ne na fari ba. Mishan ɗin SIM ta fara aiki a Damagaram tun 1924, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, akwai ikilisiyoyin ƙasa irin su EERN masu fastocinsu da dattawansu da makarantun horar da ma'aikata. Aiki ka je tarar, ba fara shi ka je yi ba.

2. Waɗanne takardu zan tanada kafin tashi?

Fasfo na ƙasa da ƙasa ga kowane mutum a gidan, har jariri. Katin allurar zazzaɓin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka kada a bar shi sai makon tafiya. Takardar aure, takardun haihuwar yara, sakamakon makarantarsu, takardar naɗinka ko lasisin aikinka. Sai wasiƙu biyu masu nauyi: ta aikewa daga hukumar da ta tura ka, ko EMS ce ta ECWA, ko CAPRO, ko ofishin bishara na ɗarikarku, da ta gayyata daga ikilisiya ko ƙungiya mai rajista a Nijar. A fassara manyan takardun zuwa Faransanci. A yi kwafi uku na kowace, ɗaya a jikinka, ɗaya a akwati, ɗaya a bar gida Najeriya. Ƙananan hotuna kuwa dozin ga kowa bai yi yawa ba.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza ya zauna kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025. Sun sanar cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma a wannan Janairun na 2025 Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Mai zama na dogon lokaci sai da takardar izinin zama daga sashen 'yan sanda mai kula da baƙi, wato DST, kuma yana da kyau ya yi katin rajista a ofishin jakadancin Najeriya da ke Yamai. Ka kira masu karɓarka a makon tafiya ka ji abin da ake nema a iyaka a lokacin.

3. Ta ina zan shiga, da me zan ɗauko?

Manyan ƙofofin su ne Illela zuwa Birnin Konni, Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, Kwangwalam zuwa Ɗan Barto da Damagaram, sai Kamba zuwa Gaya. Ka bi ta ƙofa, a buga maka hatimin fita da na shiga. Za ka ga mutane na ƙetarawa ta hanyar daji a kan babur ba wanda ya tambaye su komai. Su zumunci suka je yi su dawo da yamma. Kai ranar da jandarma ya buɗe fasfonka bai ga hatimi ba, babu wasiƙar da za ta fisshe ka. Mai shiga da mota ko babur ya karɓi takardar wucewa daga jami'an duwan, wato kwastan, ya lura da ranar ƙarewarta, ya kuma tabbatar inshorarsa tana aiki a can.

Kaya kaɗan sun isa: littattafan aiki, maganin da wani a gidan ke sha kullum na wata uku, gidan sauro, tukwanen uwargida, keken ɗinki in akwai. Katifa, tabarma, randa da kujeru duk akwai a kasuwa, sayensu a can ma hanyar sanin mutane ce. Kwali-kwalin ƙasidu da lasifika a bar su tukuna, duba tambaya ta 13.

4. Da na isa, wa zan fara gani?

Shugabannin ikilisiyar da ta gayyace ka. Su za su kai ka sauran wuraren, ba kai za ka kai kanka ba: ofishin kantoma, ofishin magajin gari, 'yan sanda ko jandarmomi, sannan sarki ko hakimi, maigari, mai unguwa. In limamin unguwa mai karɓar baƙi ne, a gaishe shi shi ma. A fada ka cire takalmi, ka durƙusa, ka bar wanda ya kawo ka ya yi bayani. Goro ko sukari ya isa gaisuwa.

In an tambayi aikinka, faɗi gaskiya: malamin addinin Kirista ne, ikilisiya kaza ta gayyato ka. Wanda ya shigo da sunan ɗan kasuwa ko manomi, daga baya aka ji waƙoƙin sujada a gidansa, ya zubar da amincin da shekara goma ba za ta maido ba.

5. Sai na koyi Faransanci?

A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka takardar asibiti, rasit ɗin wuta, wasiƙar makaranta da fom ɗin ofis da Faransanci za ka same su. Ka nemi malamin makaranta ya riƙa ba ka awa ɗaya, sau uku a mako. Lambobi, kwanan wata, karanta fom da gaisuwar ofis su ne na farko.

Hausar kanta sai ka sake sauraronta. Makaranta lakwal ce, malaminta mushe, wutar lantarki kuran, ɗan acaɓa ɗan kabu-kabu, asibiti sau da yawa likita kawai ake ce masa. Kalmomin Ingilishi da muka saba cusawa a wa'azi ba wanda zai gane su. Kada ka gyara wa kowa Hausarsa, kada ka yi dariya don an ce lahiya. In kuwa cikin Zabarmawa, Fulani, Buzaye ko Barebari aka sa ka, Hausa ta kasuwa ce kawai, harshensu shi ne aikinka na shekara biyun farko.

6. Me ya sa lissafin kasuwa ke rikita ni?

Domin da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, sefa ita ce kuɗin Nijar. Mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala hamsin 250, dala ɗari 500, jika ɗaya 1,000, jika biyar 5,000. Duk adadin da aka faɗa da dala ka ninka shi sau biyar. Sabon zuwa yakan ji ɗari ya miƙa sefa 100, mai kaya ya ga kamar raini ne. A ofis da kantin magani kuma adadin da ke rubuce shi ne adadin, ba ninki. Canji yana wuya ƙwarai, mai takardar jika goma a kasuwar ƙauye kamar marar kuɗi yake. Ka riƙa tara silalla. Hatsi kuma da tiya ake auna shi.

7. Tallafina da naira yake zuwa, kashewa kuma da sefa. Yaya zan yi?

Wannan matsala ce da kan mayar da 'yan mishan gida. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 ta rasa fiye da rabin darajarta a kan dalar Amurka. Ma'aikacin da ba a rage masa ko kwabo ba a takarda sai ya tarar kuɗin da ke isar wata ba ya kai mako biyu. Saboda haka tun kafin tashi ku zauna da masu aikenka a rubuta kasafin da sefa: haya, abinci, makaranta, magani, man babur, takardun zama, tafiya gida sau ɗaya a shekara. Su ɗauki nauyin cike gibin canji, a sake duba lissafin duk wata shida.

Kuɗi in ya zo, a canza shi gaba ɗaya wajen ɗan canjin da ikilisiya ta sani, a ƙirga a gabansa. A cikin ƙasa kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana suna da rassa har ƙananan garuruwa. Ka raba jaka biyu da littafi biyu, na gida da na aiki, kuɗin aiki kuma wani dattijo ya riƙa sa hannu tare da kai, kamar yadda Bulus ya yi taka-tsantsan da gudummawar ikilisiyoyi a 2 Korantiyawa 8:20-21. Ka sayi gero da wake na shekara a watan Oktoba ko Nuwamba lokacin kaka, don daga Yuni zuwa Agusta farashi kan yi tashin gwauron zabi. Wake a zuba shi a buhu mai ruɓi uku a ɗaure tam, ba sai an sa magani ba. Ka yi ƙoƙarin ajiye abin da zai riƙe gidan wata uku: an rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agusta 2023 har Maris 2024, waɗanda ba su da ajiya sun ji jiki. Mai wucewa Chadi ko Kamaru kuma ya sani sefar can daban ce, ba a karɓar ta Nijar a kasuwarsu.

8. Wane irin gida zan kama?

Irin na malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin garin, kada ya fi haka. A cikin mutane, ba a bayan gari ba. Zaure ko rumfa a ƙofar gida ya fi falo amfani, don a nan maza za su zauna da kai ba tare da sun shiga cikin gida ba. Duba rufi da indararo kafin damina. Soron ƙasa ya fi sanyi amma yana son yaɓe duk shekara, kwano kuma a watan Afrilu ba a kwana ƙarƙashinsa, a tsakar gida ake shimfiɗa. Salga ta yi nesa da rijiya, mita 30 in da hali. Mitar wuta ta zama taka kai kaɗai, a rubuta lambar da ke kanta ranar da ka shiga. Wuta tana yawan ɗaukewa lokacin zafi, faifan sola mai wat 100 zuwa 150 da batir ɗaya zai riƙe ƙwai uku, cajin waya da ƙaramar fanka.

A rubuta yarjejeniyar haya gaban mai unguwa da shaidu biyu. Ka gaya wa mai gidan tun farko cewa kai Kirista ne, baƙi za su riƙa zuwa addu'a. Gara ya hana ka yau da ya tashe ka tsakiyar damina.

9. Me ya fi kwantar da sababbin zuwa, yaya kuma za mu kare kanmu?

Zazzaɓin cizon sauro, gudawa da zafi. Zazzaɓi ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, ko a waje aka kwana. Jiki ya yi zafi, a yi gwaji kafin a sha magani, in an fara kuma a cika kwana ukun. Da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi wata-wata, kada a bari ya wuce naku. Yaro mai zazzaɓi da ya fara amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko ya kasa shan nono, a daren za a kai shi, ba a jiran safiya. Da rani kuma sanƙarau ne: zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, asibiti kai tsaye.

Ruwan sha a tafasa ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30. In gudawa ta kama, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka ziyara da sassafe ce ko bayan la'asar. A kakkaɓe takalmi kafin a sa saboda kunama. A makon farko ka je ka ga ƙaramin asibitin da ake kira CSI mafi kusa, ka san inda ake tiyata da haihuwa mai wuya, ka ajiye lambar mai motar da zai tashi da dare. A yankin Tawa da Maraɗi mutane da yawa Galmi suke nufa.

10. Makarantar yara fa?

Shekarar karatu a Oktoba take farawa ta ƙare a Yuni. Firamare shekara shida ce, daga CI zuwa CM2, sai shekara huɗu zuwa jarrabawar BEPC, sai uku zuwa BAC. Yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai yakan kama Faransanci da wuri, ya ma zama tafintan gidan. Ɗan shekara tara ko goma yawanci sai an mayar da shi baya aji ɗaya ko biyu, a shirya zuciyarsa tun a gida. Wanda ya kusa WAEC ko NECO kuwa cire shi asara ce, gara ya ƙarasa a makarantar kwana ko wajen dangi amintattu. EMS na da makarantun 'ya'yan 'yan mishan saboda irin wannan.

Ra'ayinmu shi ne kada a rabu da yaron da bai kai shekara goma ba in akwai wata dabara. Wanda ke karatu a can kuma a riƙa yi masa Ingilishi rabin awa kullum a gida, don ranar komawa. Ku riƙa tambayarsa abin da ake ce masa a lakwal. Sau da yawa shi kaɗai ne Kirista a ajin, kuma yara ba su cika faɗa ba sai an tambaya.

11. Ni matar mai bishara ce. Mene ne nawa a ciki?

Mama, rabin garin ke kaɗai za ki iya kaiwa gare shi, don maigidanki ba ya shiga gidajen da aka rubuta ba shiga. Barka, suna, gaisuwar mara lafiya, taya daka, kitso, nan ne ake sanin ko ku mutanen kirki ne. Zane har ƙasa, ɗankwali da mayafi in za a fita. Amma nauyin ma a kanki ya fi sauka: ruwa, itace ko gawayi, baƙi ba sanarwa, ga babu zumuntar mata mai mutum ɗari da kika saba. Ki nemi mace ɗaya babba a ikilisiyar ƙasar ki riƙe ta uwa. Kasafin tambaya ta 7 kuma da ke za a yi shi, kuɗin cefane ya zo hannunki.

12. Me zan yi a watanni shidan farko?

Gaisuwa, sauraro da koyo. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Da safe addu'ar iyali da darasin harshe, da hantsi kasuwa ko gona, bayan la'asar zama a majalisar unguwa inda ake dafa shayi. Ranar kasuwar garin kada ta wuce ka. Ka riƙe ƙaramin littafi kana rubuta sunayen masu gida, wa ke ɗan'uwan wa, wa ke da mara lafiya. A majami'a ka zauna inda aka ajiye ka, ka yi abin da aka sa ka, ko makarantar Lahadi ce ko kai fasto ƙauye a babur. Sababbin tsare-tsare, azumin kwana ashirin da ɗaya, taron farkawa da sauransu, su jira sai ka ga damina ɗaya da rani ɗaya.

13. Zan iya wa'azi a kasuwa, ko nuna majigi, ko gina majami'a?

Ba da ra'ayin kanka ba. A Yuni 2019 Nijar ta kafa doka kan gudanar da addini, wadda ta sa gina wurin ibada sai da izinin hukuma. Taro a fili ma sai an nemi izini a rubuce, da sunan ikilisiya mai rajista. Ko da izinin a hannu, tambayi dattawan wurin ko ya dace. Akwai garin da majigi a filin maigari ba komai ba ne, akwai wanda dare ɗaya zai rufe ƙofar da aka yi shekaru ana buɗewa. Kada bakinka ya taɓa Annabin Musulunci ko Alƙur'ani da kalmar raini, a fili ko a ɗaki ko a waya. Ka faɗi abin da ka gaskata game da Yesu Almasihu da tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Yara kuma ba a koya musu komai sai da sanin iyayensu.

Fili in za a saya, da sunan ikilisiyar ƙasa za a saya, ba da sunanka ba. A sami takardar sayarwa da hannun maigari da shaidu, a kai ta hukumar filaye da ake kira COFO, a tabbatar duk magada sun yarda. Rumfar zana da mutanen wurin suka kafa da hannunsu ta fi ginin siminti da kuɗin Najeriya daɗewa, don ita sun san tasu ce.

14. Maƙwabta sun gayyace mu suna, sun aiko da naman Sallah. Mu karɓa?

Suna, ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa a je, rashin zuwa ne abin kunya. In an ɗaga hannu ana addu'a ka zauna shiru da ladabi, in an tashi salla ka koma gefe, ba wanda zai ga laifinka. Naman layya ikilisiyoyi sun bambanta a kansa, ka bi matsayin wadda ta karɓe ka. Ko ba za ku ci ba, ba a mayar da kwano a ƙofa. Da Kirsimeti ku ma ku aika da abinci, ku ba mahaucin garin ya yanka dabbar don kowa ya ci hankali kwance. Da azumi ba a ci ko sha a kan titi. Giya da naman alade kada su shiga gidan sam, ko me aka saba a garinku.

15. Kullum ana zuwa roƙon taimako. In bayar ko in hana?

Ka bayar kamar maƙwabci, kada ka zama ofishin agaji. Tiyar gero, kuɗin magani, kai mai naƙuda asibiti, waɗannan kowa na yi. Ku ware adadi a wata, in ya ƙare ka ce ya ƙare. Bashi in ba za ka iya yafe shi ba kada ka bayar. Babbar ƙa'ida: taimako ba ya haɗuwa da sharaɗin zuwa majami'a. Wanda ya zo don buhu zai tafi ranar da buhu ya ƙare, garin kuma zai ce sayen mutane kuke yi. Taimako mai yawa, kamar na shekarar fari, ta hannun kwamitin ikilisiya da maigari za a raba shi, ga kowa da kowa.

16. Ya halatta in yi noma ko sana'a?

Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Gona tana rage yunwa, tana kuma ba ka abin hira da maza. Aro ko haya za ka nema ta hannun maigari. Ruwa daga Yuni zuwa Satumba ne, ƙasar kuma jigawa ce, don haka ka koyi dabarun wurin: ramukan tassa da ake zuba taki a ciki, da sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su tofo a rage rassan a bar masu ƙarfi. Wannan dabara a yankin Maraɗi ta bunƙasa tun shekarun 1980, ɗan mishan na SIM Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka yaɗa ta. Fataucin fetur ko hatsi ta iyaka kuwa a nisance shi, kamu ɗaya ya isa ya kashe aikin. Ka sanar da hukumarka kowace sana'a ka kama.

17. Wani ya zo a ɓoye ya ce yana son bin Almasihu. Me zan yi?

Kada ka yi gaggawa, kada ka yi shela. Ku riƙa karatu tare, ka haɗa shi da dattijo ɗan ƙasa tun da wuri, mace kuma mace ce za ta riƙe ta. Ka gaya masa gaskiyar abin da zai iya biyowa: matarsa, 'ya'yansa, gonar gado, abokan cinikinsa. Shi zai zaɓi ranar da zai faɗa wa danginsa, ba kai ba. In rayuwarsa ba ta cikin haɗari, zamansa cikin danginsa yana yi musu biyayya da hidima ya fi a ɗauke shi zuwa wani gari. Baftisma ikilisiyar ƙasa ce ke yanke lokacinta. Wanda bai kai shekara 18 ba, ko matar aure da mijinta bai sani ba, kada ka ɓoye su a gidanka, ka kai maganar ga shugabanni a ranar. Sunansa da hotonsa kuma duba tambaya ta 19.

18. Yaya batun tsaro?

Jihohin Tilaberi da Difa da arewacin Tawa suna fama da masu ɗauke da makamai, a wasu wuraren har an hana hawa babur. Kudancin Maraɗi kusa da iyaka akwai masu satar mutane. An taɓa sace ma'aikatan mishan: wani Ba'amurke a Abalak a 2016, wani limamin Katolika ɗan Italiya a yankin Tilaberi a 2018, dukansu sun yi shekaru kafin a sake su. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Abin da ya faru a wata nahiya ya iso ƙofar gida cikin 'yan kwanaki, kuma Kiristoci da yawa maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su.

Saboda haka: ba tafiyar dare, ba bin hanya ɗaya a rana ɗaya kowane mako, wani ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka. Jaka ɗaya a shirye da fasfo, kuɗi da magani. Layin waya biyu na kamfanoni daban. Hukumarka ta rubuta wa ke da ikon cewa ku tashi, in ya ce ku tashi kuma ba gardama. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 siyasa tsakanin Abuja da Yamai tana da zafi, kada ka sa baki a majalisa ko a Facebook, kada ka ɗauki hoton soja, shinge ko ginin gwamnati.

19. Me zan rubuta wa masu tallafa mini?

Shafi ɗaya a wata ya isa: abin da aka yi, abin da aka kashe, abubuwan addu'a uku ko huɗu. Ba sunan mai neman gaskiya, ba sunan ƙauye, ba hoton fuska. Saƙon WhatsApp da ka tura wa mutum goma zai kai dubu, wani a cikinsu yana da ɗan'uwa a garin da kake. Ka rubuta abin da ba za ka ji kunya ba in maigari ya karanta. Kada ka ƙara adadi. Wata shida ba sabon tuba ko ɗaya ba abin ɓoyewa ba ne a wannan fili, masu aiken da suka san aikin ba za su yi mamaki ba, waɗanda ba su sani ba kuma aikinka ne ka fahimtar da su.

20. Mun yi wata huɗu, komai ya ishe mu, har da faston da muke ƙarƙashinsa. Kiran ne babu?

Yawanci gajiya ce. Ɗokin zuwa kan ƙare tsakanin wata na uku da na shida, sai abinci, zafi, jiran ofis da yadda ake tafiyar da sujada duk su fara ba da haushi. Alamunta faɗa a gida kan abin da bai kai ba, yini a waya da mutanen gida, da yawan cewa “a Najeriya ba haka muke yi ba”. Wannan jimla ce ta fi ɓata tsakanin 'yan mishan da fastocin ƙasa. Baba Fasto wataƙila bai yi digiri ba, mambobinsa ba su wuce talatin ba, amma ya riƙe su shekaru a inda kai ba ka yi damina ɗaya ba. In akwai saɓani na gaske, ka same shi kai kaɗai, in bai warware ba a kira dattijo, sannan shugabannin ɓangarorin biyu. Kada ka kai ƙararsa Najeriya a bayan idonsa, kada ka ja mambobinsa ka buɗe naka.

Ku ware rana ɗaya a mako ba aiki, ku riƙa haɗuwa da wasu ma'aikata ko sau ɗaya a wata. Kada a yanke shawarar komawa a watan Afrilu ko a kan gadon zazzaɓi. In rashin barci, rashin cin abinci ko kuka sun wuce mako biyu, a gaya wa hukuma a ga likita. Hutun shekara a ɗauke shi cikakke, ya fi dacewa da hutun makarantar yara daga Yuli zuwa Satumba, sai dai mai gona ya nemi wanda zai yi masa noma. Kafin tashi a biya haya har watan dawowa, a duba ranar ƙarewar takardar zama, a damƙa littafin kuɗin aiki ga dattawa, a je a yi wa maigari da mai unguwa sallama.